Daga Limankara Zuwa Dili: Ibrahim Idris Da Gyaran 'Yan Sanda Bayan Yaƙi

Duk inda aka ambaci ƙasar Zuru a Nijeriya, abin da yake fara faɗo wa mai sauraro a rai shi ne soja. Ba kuwa za a ga laifinsa ba. Tun zamanin Turawa Dakarkari suka yi suna wajen shiga soja, kuma daga wannan ƙasa tamu ne aka sami Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da Janar Muhammadu Magoro, da Janar Tanko Ayuba, har da marigayi Mai Martaba Sarkin Zuru Muhammadu Sani Sami, wanda ya yi Gwamnan soja a Jihar Bauci kafin ya hau gadon sarauta. Da wuya ka shiga unguwa a Zuru ko Dabai ka rasa gidan da aka rataye hoton wani mai kaki a bango.

To amma ni a wannan maƙala a kan ɗan sanda nake son in yi magana. Dalili kuwa shi ne, soja baƙo ne a ƙauye, ya zo ya kori maƙiyi ya koma bariki. Wanda ya kamata a ce yana zaune da mutane dare da rana, ya san ɓarawon akuya ya kuma san mai saye a hannunsa, shi ne ɗan sanda. Abin da ya sami ƙasar Zuru tun daga 2021 kuwa ya isa ya sa kowane ɗalibi daga wannan yanki ya tambayi kansa: shin akwai wanda ya san yadda ake gina 'yan sanda a wurin da tsaro ya rushe? Akwai su, kuma a cikin 'yan Nijeriya ma akwai. Ɗaya daga cikinsu shi ne Ibrahim Kpotun Idris, wanda ya yi wa Majalisar Ɗinkin Duniya wannan aiki a Laberiya da Timor ta Gabas, sa'an nan ya dawo gida ya zama Sufeto Janar na 'yan sandan Nijeriya daga 2016 zuwa 2019.

Mai karatu zai iya cewa ai wannan ba mutumin Zuru ba ne. Gaskiya ne, Banufe ne daga Kutigi, an haife shi ran 15 ga Janairu 1959. Amma a shekarar da aka haife shi, da Kutigi da Zuru duk a Lardin Neja suke, kuma tare muka zauna a Jihar Arewa maso Yamma har 1976, lokacin da aka kai mu Jihar Sakkwato su kuma suka tsaya a Neja. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya yi digirinsa na farko a fannin aikin gona, daga baya ya karanta aikin lauya a Jami'ar Maiduguri. Watau ɗalibi ne irinmu, wanda ya shiga aikin ɗan sanda a 1984.

Inda Abin Ya Samo Asali

Ba da shi aka fara ba. Ƙasar Kwango ta sami mulkin kai daga Beljiyam ran 30 ga Yuni 1960, ba a yi mako guda ba sojojinta suka yi wa hafsoshinsu Turawa tawaye, lardin Katanga mai arzikin ma'adinai ya ɓalle, ƙasa ta rikice. Majalisar Ɗinkin Duniya ta tura dakaru, Nijeriya kuwa, ita ma da ɗanyen mulkin kai a hannunta, ta ba da sojoji ta kuma ba da 'yan sanda wajen 400. Wanda ya jagorance su shi ne Louis Edet, wanda a 1964 ya zama ɗan ƙasa na farko da ya riƙe muƙamin Sufeto Janar. Sojojin Majalisar sun bar Kwango a tsakiyar 1964, amma 'yan sandan Nijeriya suka ci gaba da zama har cikin 1965, suna taya tsaron gari suna koya wa 'yan ƙasar aiki. A lura da wannan: soja ya tafi, an riƙe ɗan sanda.

A daidai wannan lokaci, a nan gida Arewa, 'yan sanda iri biyu ne. Akwai na Gwamnatin Tarayya, waɗanda aka haɗa su runduna ɗaya tun 1930, akwai kuma 'yan doka na En'e, waɗanda ke ƙarƙashin sarakuna. Dattawanmu suna tuna ɗan doka da abu biyu. Na farko ɗan gari ne, yana jin harshen mutane, ya san kowace hanya da kowane gida. Na biyu kuwa, a zamanin siyasar farko an yi amfani da shi wajen muzguna wa 'yan adawa, 'yan NEPU sun sha ɗauri da duka a hannunsa. Wannan abu na biyu shi ya ci 'yan doka. Bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta yanke shawarar a narkar da su cikin rundunar tarayya, zuwa farkon shekarun 1970 an gama. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 214, ya ce ba za a kafa wata rundunar 'yan sanda ba ban da wannan guda ɗaya. An yi maganin zaluncin ɗan doka, amma tare da shi aka zubar da sanin gari. Zan dawo kan wannan.

Daga Kwango 'yan sandanmu sun je Namibiya a 1989, sun je Kambodiya, sun je tsohuwar Yugoslabiya da wasu wurare. A hankali Majalisar ta gane cewa tura 'yan kallo masu rubuta rahoto bai wadatar ba. Rahoton da kwamitin Lakhdar Brahimi, mutumin Aljeriya, ya miƙa a watan Agusta 2000, ya ba da shawarar a mai da hankali ga gyara 'yan sandan ƙasar da aka je taimako, tare da kotuna da gidajen yari, domin kama ɓarawo ba shi da amfani in babu alƙali kuma babu kurkuku. A cikin wannan sabon salo Ibrahim Idris ya shiga aikin.

Laberiya

Kafin ya fita waje, Idris ya daɗe a cikin 'yan sandan kwantar da tarzoma, har ya shugabanci makarantarsu ta Gwoza, wadda ke Limankara a gindin duwatsun Mandara. Wannan gogewa ita ta kai shi Laberiya a 2004, shekarar da Nijeriya ta tura cikakken rukuni na 'yan sandan kwantar da tarzoma zuwa can, da makamansu da motocinsu da kwamandansu.

Sai mai karatu ya san irin ƙasar da suka tarar. Yaƙi ya fara ran 24 ga Disamba 1989, lokacin da Charles Taylor ya ƙetaro iyaka da mayaƙansa, bai kuma ƙare ba sosai sai 2003, bayan an yi hasarar rayuka kimanin 250,000. Ran 11 ga Agusta 2003 Taylor ya sauka ya taho gudun hijira Kalaba, ran 18 ga wata aka sa hannu a yarjejeniyar sulhu a birnin Akra, ran 19 ga Satumba Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 1509, wanda ya yarda a tura sojoji har 15,000 da 'yan sanda 1,115. 'Yan sandan ƙasar kuwa a zamanin Taylor sun zama abin tsoro. An cusa mayaƙa cikinsu, an kuma kafa rundunoni na musamman, har da wadda ɗan Taylor na cikinsa yake jagoranta. Mutum ya ga kaki sai ya canja hanya.

Abin da aka yi mai sauƙin faɗa ne, mai wuyar aikatawa. An ce duk tsohon ɗan sanda da yake son ya ci gaba da aiki sai ya sake nema kamar sabon kurtu. A duba takardunsa, a gwada lafiyarsa, a bayyana sunansa ga jama'a domin duk wanda ya san ya kashe ko ya yi fyaɗe lokacin yaƙi ya zo ya faɗa. Wanda bai tsallake ba a sallame shi da ɗan abin sallama. An sake buɗe makarantar horon 'yan sanda ta Paynesville a bayan birnin Monrobiya a 2004, aka sa burin horar da mutum 3,500, aka kuwa cim ma adadin a 2007. Kwamishinan 'yan sandan Majalisar na farko Ba'amurke ne, Mark Kroeker, wanda ya gaje shi kuwa mutumin Gana ne, Mohammed Alhassan, wanda shi ma daga baya ya zama Sufeto Janar a ƙasarsu. A farkon 2007 Indiya ta aiko da rukuni na mata zalla, irinsa na farko a tarihin Majalisar, ana fatan ganinsu da bindiga a bakin ofishin Shugaba Ellen Johnson Sirleaf zai ƙarfafa wa 'yan matan ƙasar gwiwa su shiga aikin. Sojan ƙasar kuwa rushe shi aka yi gaba ɗaya aka gina sabo, kuma daga 2007 zuwa 2014 ɗan Nijeriya ne, Manjo Janar Suraj Abdurrahman, yake riƙe da shi.

Kada a ɗauka komai ya tafi daidai. An cika adadi, amma albashi bai taka kara ya karya ba, caji ofis na ƙauye babu mota babu rediyon sadarwa, wani ma babu takardar rubuta ƙara. Galibin sababbin 'yan sandan ba su ɗauke da makami, 'yan fashi kuwa suna da adduna da ragowar bindigogin yaƙi. A 2006 abin ya kai Ma'aikatar Shari'a ta ƙasar da kanta ta yi kira ga mazauna Monrobiya su kafa ƙungiyoyin sintiri su kare unguwanninsu daga wasu 'yan daba da ake kira Isakaba. Wani abin dariya mai ban takaici, wannan suna daga wani fim ɗin Nijeriya suka aro shi. Duk mutumin Zuru da ya karanta wannan zai ji kamar labarin 'yan sa-kai ake ba shi. Duk da haka Laberiya ba ta koma yaƙi ba. Ta karɓi ragamar tsaronta ran 30 ga Yuni 2016, rundunar Majalisar ta naɗe tabarmarta a ƙarshen Maris 2018.

Timor Ta Gabas

Daga Laberiya aka ɗaga Idris zuwa Timor ta Gabas, inda ya zama Mataimakin Kwamishinan 'yan sandan Majalisar mai kula da ayyukan yau da kullum. A ganina nan ne darasin yake, saboda haka zan ɗan tsaya a kansa.

Timor ta Gabas rabin wani tsibiri ne a arewa da Ostareliya. Turawan Fotugal suka mulke ta ɗaruruwan shekaru, da suka saki sai Indunusiya ta mamaye ta ran 7 ga Disamba 1975. An yi shekara 24 ana gwagwarmaya. Ran 30 ga Agusta 1999 aka yi ƙuri'ar raba gardama, kashi 78.5 cikin 100 suka zaɓi 'yanci, su kuwa 'yan bangar da ke goyon bayan Indunusiya suka ƙone ƙasar kafin su fita. Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓi mulki dungurungum, ta riƙe har ran 20 ga Mayu 2002 da aka ba su tutarsu. A cikin wannan riƙo ne, a watan Maris 2000, aka kafa musu 'yan sanda daga tushe.

To ga inda gizo ya yi saƙar. Saboda gaggawa, an ɗauko mutum wajen 370 waɗanda suka yi wa Indunusiya aikin ɗan sanda, aka ba su gajeren horo, aka ɗora da yawansu a manyan muƙamai, har da shugaban rundunar. Sojan ƙasar kuwa daga tsofaffin mayaƙan sunƙuru aka gina shi, watau waɗanda suka yi shekaru a daji suna yaƙar Indunusiyar. Ka ga an ajiye wuta kusa da auduga. Bugu da ƙari manyan soja galibi mutanen gabashin ƙasar ne, 'yan sanda kuwa mutanen yamma sun fi yawa. A farkon 2006 sojoji kusan 600, yawancinsu 'yan yamma, suka bar bariki suna kukan ana nuna musu bambanci, a watan Maris aka kore su duka. Zanga-zanga ta zama tarzoma, Ministan Cikin Gida Rogerio Lobato ya raba wa farar hula bindigogin 'yan sanda, laifin da kotu ta ɗaure shi a kansa a 2007. Ran 25 ga Mayu 2006 sojoji suka kewaye hedkwatar 'yan sanda a Dili, babban birnin ƙasar. Jami'an Majalisar suka shiga tsakani, aka yarda 'yan sanda su ajiye makamai su fito a jere. Suna cikin tafiya hannu rabbana aka buɗe musu wuta, 8 suka mutu nan take. Rundunar da aka yi shekara 6 ana ginawa ta watse a birnin cikin 'yan kwanaki, mutum kimanin 150,000 suka bar gidajensu, Firayim Minista Mari Alkatiri ya yi murabus.

Wannan shi ya sa ran 25 ga Agusta 2006 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 1704, ya yarda a tura 'yan sanda har 1,608, aka kuma damƙa musu tsaron ƙasar kacokan. Aikin da Idris ya tarar ke nan, kuma aiki ne mai fuska biyu: ga tsaron gari na kullum, ga kuma tantance kowane ɗan sandan ƙasar ɗaya bayan ɗaya, a ga ko yana da hannu a rikicin 2006, sa'an nan a haɗa shi da wani jami'in Majalisar ya yi aiki a ƙarƙashin idonsa kafin a ba shi takardar shaida. Ana cikin haka, ran 11 ga Fabrairu 2008, 'yan tawaye suka harbi Shugaba Jose Ramos-Horta a ƙofar gidansa, da ƙyar ya sha. Amma a wannan karo ƙasar ba ta kama da wuta ba.

Abin da ya fi burge ni a tsarin Timor shi ne yadda aka mayar wa 'yan ƙasa ragama. Ba a sa rana ɗaya aka ce kowa ya karɓa ba. Gunduma gunduma aka bi, su 13, kuma kafin a miƙa kowace sai tawagar haɗin gwiwa ta gwamnati da Majalisar ta je ta auna ta da ma'auni huɗu. Shin 'yan sandan wurin za su iya tunkarar irin matsalar tsaron da ke wurin? Shin aƙalla kashi 80 cikin 100 nasu sun tsallake tantancewa? Shin suna da kayan aiki, watau mota da mai da hanyar sadarwa? Shin akwai tsayayyen shugabanci, kuma jama'ar wurin sun yarda da su? Gundumar Lautem ce ta fara cika sharuɗɗa, aka miƙa ta ran 14 ga Mayu 2009. Ba a gama duka ba sai ran 27 ga Maris 2011, kuma 'yan sandan Majalisar suka ci gaba da zama a gefe har ƙarshen 2012. Shugaban ƙasar ya ba Idris lambar yabo kan wannan aiki.

A nan ma dai akwai abin faɗa. Masu nazari da yawa sun soki aikin, suna cewa 'yan sandan da aka tattaro daga ƙasashe kusan 40, kowa da irin tarbiyyarsa, akasarinsu ba sa jin harshen Tetum, ba za su iya koya wa kowa abu guda tsayayye ba. Gwamnatin ƙasar ma ta ƙosa da su. A ƙarshen 2010 ta ba jami'ai kusan 200 takardar shaida alhali akwai tuhuma a kansu da ba a warware ba, Majalisar tana ji tana gani. Watau ko a ƙasar da baƙi ke riƙe da sanda da kuɗi, ranar da tantancewa ta zo kan yaran manya sai ta yi sanyi.

Dawowa Gida

Idris ya dawo aka ba shi Kwamishinan 'yan sanda na Jihar Kano. Yana kan wannan kujera ran Juma'a 20 ga Janairu 2012, lokacin da 'yan Boko Haram suka kai hari hedkwatar shiyya da ta jiha a Bompai da wasu caji ofis da ofishin fasfo, duk a yammaci guda. Alƙaluman da 'yan sanda suka bayar sun nuna mutum 185 suka mutu, 29 daga cikinsu 'yan sanda ne. Mutumin da ya je gyaran ƙasashen da suka fito daga yaƙi, sai ga yaƙi ya tarar da shi a ofishinsa. A watan Agusta 2014 kuma 'yan Boko Haram suka mamaye makarantar Limankara kanta, inda ya horar da dubban matasa. Ya riƙe Jihar Nasarawa, aka sake mai da shi Kano lokacin zaɓen 2015, ran 21 ga Yuni 2016 Shugaba Muhammadu Buhari ya naɗa shi Sufeto Janar bayan Solomon Arase. Domin a share masa hanya sai da aka yi wa manyan jami'ai fiye da 20 da ke gabansa ritaya, al'adar da ta daɗe tana zubar da ƙwararru a wannan runduna.

Da a ce sanin aiki kaɗai ke gyara 'yan sanda, da shekarun nan biyu da rabi sun zama abin tunawa. Ya san ciwon, ya kuma faɗe shi. A 2017 ya ce ana bukatar ƙarin 'yan sanda 155,000 cikin shekara 5 kafin a kai ɗan sanda 1 ga mutum 400. A farkon 2018 shugaban Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, Mike Okiro, wanda shi ma tsohon Sufeto Janar ne, ya ce fiye da 'yan sanda 150,000 suna gadin manyan mutane ne. A watan Maris na shekarar Idris ya ba da umurnin a janye su. Umurnin bai je ko'ina ba, kamar yadda na waɗanda suka gabace shi bai je ba. Wani ma'aunin ƙasa da ƙasa da aka yi ta yayatawa a 2017 ya sa 'yan sandan Nijeriya a ƙarshe cikin ƙasashe 127. A ƙarshen wannan shekara matasa suka fara kukan a rushe rundunar SARS saboda azabtarwa da kisa, shi kuwa ya ce za a yi mata garambawul. A Agusta 2018 Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya sake ba da umurnin gyara, aka ƙara wa sunan harafi ɗaya. Ba a rushe ta ba sai ran 11 ga Oktoba 2020, a hannun magajinsa Mohammed Adamu, bayan matasa sun cika tituna.

Ni a nan nake ganin laifinsa, ba kuma zan ɓoye ba. Mutumin da ya ga yadda aka baje sunayen 'yan sanda a Monrobiya domin talaka ya zo ya yi shaida, ya kuma ga yadda aka bi jami'an Dili ɗaya ɗaya, shi ya fi kowa cancantar ya yi wa SARS irin wannan tankaɗe da rairaya. Bai yi ba. Maimakon haka ƙarfinsa ya tafi a rigima da 'yan siyasa. A Janairu 2018, bayan kashe-kashen sabuwar shekara a Binuwai, Shugaban Ƙasa ya umurce shi ya tare a jihar, amma da Buhari ya kai ziyara a watan Maris sai ya ce bai san Sufeton bai zauna ba. A watan Mayu Majalisar Dattawa, bayan ta gayyace shi sau 3 bai je da kansa ba, ta ayyana shi a matsayin maƙiyin dimokuraɗiyya. Ya bar aiki ran 15 ga Janairu 2019, ranar da ya cika shekara 60.

Amma adalci ya sa a faɗi ɗaya gefen. A Dili akwai takardar yarjejeniya da ta ba 'yan sandan Majalisar iko, akwai kuɗin da ke zuwa kan kari, akwai Kwamitin Sulhu da ke jiran rahoto a kai a kai, kuma ba ɗan siyasar ƙasar ne ya naɗa su ba balle ya tuɓe su. A Abuja kuwa wanda za ka janye wa ɗan sanda daga ƙofar gida shi ne mai amincewa da kasafin kuɗinka. Kowa ya ci ladan kuturu, an ce, sai ya yi masa aski.

Mu Auna Ƙasar Zuru

Masarautar Zuru ƙananan hukumomi huɗu ce: Zuru da Fakai da Sakaba da Danko-Wasagu. A farkon Yuni 2021 'yan bindiga suka afka wa wasu ƙauyuka a Danko-Wasagu, 'yan sanda suka ce an kashe mutum 88. A Maris 2022 aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, fiye da 60 suka kwanta dama, bayan kwana biyu kuma aka far wa ayarin Mataimakin Gwamna na lokacin, Kanar Samaila Yombe Dabai, a Kanya, aka kashe sojoji da 'yan sanda. Ran 17 ga Nuwamba 2025 aka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Maga da asuba, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka tafi da ɗalibai 25. Allah Ya sa sun dawo. Gwamna Nasir Idris ya fito fili ya nemi a binciki dalilin da ya sa aka janye sojojin da aka girke a wurin jim kaɗan kafin harin.

Yanzu mai karatu ya ɗauki ma'aunin nan huɗu na Timor ya ɗora a kan kowane caji ofis da ya sani daga Dirin Daji zuwa Bena. Ƙarfin tunkarar masu babura ɗari da bindigogi? Mota mai tafiya da man da za a zuba mata? Jami'in da ke jin C'lela ko ya san hanyar daji ba sai an nuna masa ba? Na bar wa kowa ya ba kansa amsa. Abin da na sani shi ne, giɓin da aka bari shi manoma suka cike da bindigar toka, suka sa wa kansu suna 'yan sa-kai, kuma an yi kuka da wasunsu kan kashe mutanen da ba a kai gaban alƙali ba, abin da ya ƙara rura wutar ramuwar gayya tsakaninsu da Fulani.

Kwana 6 bayan harin Maga, Shugaba Bola Tinubu ya ba da umurnin a janye 'yan sanda daga gadin manya, umurnin da Idris ya bayar tun 2018. Ran 26 ga Nuwamba 2025 kuma ya nemi Majalisar Tarayya ta gyara doka domin jihar da ke so ta kafa 'yan sandanta. Watau ɗan doka ake shirin dawowa da shi cikin sabuwar riga. Ni ina goyon bayan a sami ɗan sanda ɗan gari. Sai dai duk ranar da aka buɗe ɗaukar kurata a Birnin Kebbi, waɗanda za su fara shiga layi su ne masu bindiga a hannu yanzu, da kuma yaran 'yan siyasa, kuma mun ga abin da mutum 370 da aka ɗauka cikin gaggawa suka jawo a Dili. Tantancewar da ta biyo baya ta ci kusan shekara 3 kafin a miƙa gunduma ta farko, da baƙin 'yan sanda 1,600 a tsaye, a ƙasar da ƙidayar 2010 ta nuna mutanenta ba su fi miliyan 1 da 'yan kai ba. Jihar Kebbi kaɗai, tun a ƙidayar 2006, ta haura miliyan 3.